Ranar da Na Tarwatsa Kasuwa da Motar Sabulu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara kai kaya ƙauye da sunan kaina ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen wata 'yar kasuwa da ke yankin Betso ba za su bar ni ba. Har yau in na je, tun daga bakin mayo, wato rafin da ke gaban ƙauyen, ake ɗaga min hannu ana kiran sunan da suka laƙaba min a ranar. (Zan faɗi sunan, amma ku bari in kai wurin tukuna.)

Na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashin Mama Rifkatu, wata dattijuwa 'yar unguwar Lamorde a Mubi mai depo na sabulu da garin wanki da ashana da batir da man shafawa. Ni ne direba, ni ne mai sauke kaya, ni ne kuma mai shan faɗa in katan ya jiƙe. Ba ta taɓa cutar da ni ba, wannan kam ko a gaban Allah zan faɗa. Abin da ke ci min rai ɗaya ne: duk ƙauyen da farar motarta ta shiga, sai ka ji ana cewa "Mama ya zo!" ko da kuwa Mama tana gida tana gasa gwiwarta da ruwan zafi, ni kaɗai ne a cikin motar. Ni da nake shan rana da gargadar hanya, ba wanda ya taɓa tambayar sunana. "Direban Mama" ya ishe su.

Sai abin da ya sami Mubi ya same ta. Ba sai na ba ku labari ba, kowa da irin nasa gudun. Ni da matata Hadiza da 'yarmu Amina mun bi ta duwatsu a ƙafa muka tsallaka Kamaru, Mama kuma ta yi Yola. Da muka dawo, rabin depo ya ƙone, farar motar kuwa an tafi da ita. Mama ta lallaɓa ta buɗe ɗan shago a cikin gari, amma ta ce ƙafarta da zuciyarta ba za su ƙara iya hanyar ƙauye ba.

A nan ne na ce lokacina ya yi. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara zama direban kowa ba, zan zama dila mai cin gashin kansa. Na sayar da 'yar gonar da na gada, na sayi tsohuwar akori-kura. Da aka zo maganar kayan farko abin hannuna bai kai ba, Hadiza ba ta ce min komai ba, sai na dawo gida na tarar babu keken ɗinkinta a inda yake zama. Ta sayar. Kamfanin da zai riƙa ba ni kaya daga Yola kuma ya ce sai ya ga ina da hanya da masu saye kafin ya ɗauke ni da gaske, ga shi an ce wani dilan daga can ya fara leƙen hanyar Betso. Ke nan in ban sami kwastomomin Mama ba, gona ta tafi, keke ya tafi, ni kuma na koma neman wanda zan yi wa tuƙi.

Na je na durƙusa a gabanta a shago.

"Mama, ki ba ni sunayen mutanenki na hanyar Betso da lambobin wayarsu. Duk abin da kika yanka zan biya."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Lamba? Wane lamba? Rabin mutanen nan wayansu ya faɗi a daji. Kuma ni ba na sayar da mutum a takarda, yaro na. Kwastoma ba akuya ba ne."

Gaskiyarta ce, kuma na sani, zumuɗi ne kawai ya sa na tambaya. A sana'armu ta nan, in tsohon dila zai bar hanya, da kansa yake ɗaukar sabon ya zagaya da shi shago-shago. Zai kama hannunka ya sa a hannun mai shago, ya ce: "Wannan nawa ne, yadda kake yi da ni ka yi da shi." In ba a yi maka haka ba, ko kayanka sun fi na kowa araha, za a tarbe ka da fara'a, a ba ka ruwa, a tambaye ka iyali, sannan a ce kaya ba su ƙare ba tukuna, sai wani zuwan.

"Zan kama maka hannu," in ji Mama. "Ni zan wuce tun jajibirin kasuwa, in kwana a wurin ƙanwana. Kai ka zo da hantsi. Ka bar mota a bakin mayo, ka shigo da ƙafa, ka gaida Jauro tukuna. Ka ji ni?"

"Na ji, Mama."

Kunnena ne ya ji. Raina yana can yana kallon kaina ina shiga kasuwa a motata, mutane suna tambayar wane ne wannan. Na ɗauka maganar barin mota irin ladabin tsofaffi ne na gaida mai gari. Tun da muka dawo ban taka ƙauye ba, ban san an yi sabuwar doka ba, kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Dila guda, a ranarsa ta farko, ya shiga kasuwa a ƙafa kamar mai tallan goro? Ina!

Yanzu bari in kwatanta muku motar, don ku san irin wautar da Allah ya zuba min. Jikinta duk tsatsa ne, sai na kai wa Bitrus mai fenti. Ya kankare ta ya shafa mata fentin farko, wanda ake yi kafin na gaskiyar, launinsa sak na busasshen taɓo. Ya ce in dawo mako mai zuwa a fesa fari. Na ce ba ni da mako mai zuwa. Ya ce, "To Oga, salansan nan yana tari, ka bari in kira mai walda." Na ce in mota tana tafiya, ta yi ta tarinta. Abin da na fi damuwa da shi hon ne. Na sa aka cire na asali aka ɗaura min na tirela, irin wanda in ka danna sai kaji sun tashi daga kan ƙwai. Na rufe kaya da tsohon tampol. Na kuma sa an yi min rumfar ƙarfe ta baje koli, wadda dogon bututunta ya ƙi shiga bayan motar sai da ya leƙo waje.

Ni kaina kuma, garin wanki yana sa ni atishawa tun ina yaron Mama, don haka nakan naɗe hanci da baki da ƙyalle in na ɗauko shi da yawa. A ranar na ƙara da baƙin tabarau, saboda na ga manajojin kamfani suna sawa.

Da safe ina ɗaure tampol a ƙofar gidanmu a Nassarawo, Hadiza ta fito da kofin kunu ta tsaya.

"Baban Amina, ka ɗan ja baya mana ka kalli motar nan daga nesa."

"Na kalle ta, ta yi kyau."

"Ni dai ka kalle ta."

"Hadiza, yau ba ranar sanyaya gwiwa ba ce. Addu'a za ki yi min."

Ta yi min addu'ar. (Daga baya ta ce min ba ta ciniki ta yi ba, ta in dawo da raina ce.) A shingen jami'an tsaro na bakin gari na sauke ƙyallen da tabarau, aka ɗaga tampol aka ga sabulu, wani a cikinsu ya ce in daure in canja wa motar nan kala. Na yi dariya na wuce. Can gaba gargada ta sa bututun rumfa ya fara zamewa, sai na tsaya na jingina shi a kan rufin gaba, bakinsa yana kallon hanya, na ɗaure tam. Na mayar da ƙyalle da tabarau. Ko a lokacin ban ja baya na kalla ba.

Ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai, ruwan mayo ya janye sai yashi. Da na iso na ga motoci da babura a jere ƙarƙashin bishiyoyi, direbobi suna kwance a inuwa. Na ce a raina, Allah sarki, injinansu ba za su iya yashi ba. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe zumbur yana ɗaga min hannu biyu. Na ɗaga masa nawa, na ji daɗi an fara sanina. Na ja baya, na ba ta wuta, domin in ba ka shiga yashi da gudu ba nan za ka kwana. Ta tsallake, ta hau gangaren tana gurnani, kasuwa ta bayyana a gabana cike maƙil. Na danna hon.

A daidai lokacin salansa ta ga ita ma ba za a bar ta a baya ba. Tau! Tau-tau!

Ban taɓa ganin kasuwa ta tashi a lokaci ɗaya irin haka ba. Na ɗan lokaci kaɗan, wallahi, na ɗauka wurina ake rugowa. Sai na ga ƙeya kawai nake gani. Mata suna watsar da ƙwarya, maza suna tsallake rumfuna, mai nama ya bar wuƙarsa a kan teburi, awaki sun tsinke igiya, kowa ya nufi gonar dawa da gindin dutse. Ihu kuwa da yare uku ake yinsa.

Ga inda nake son ku tausaya min, ko da yake na san ba za ku yi ba. Ni ma ɗan gudun hijira ne. Da na ga jama'a suna gudu haka, abu ɗaya ne ya faɗo min: an shigo, kuma suna bayana. Na ƙara taka mota na bi inda kowa ya bi, ina danna hon don a ba ni hanya, salansa tana ta harbinta. Wato ni a ganina tare muke gudu.

Can na hango wani tsoho mai farar riga a baya, kowa ya wuce shi, yana ɗingisawa da buta a hannu. Na gane shi, Baba Hammadu ne, mai shago mafi girma a kasuwar, wanda Mama ta ce da shi za mu fara. Na ce ba zan bar dattijon nan a kashe shi ba. Na rage gudu na matso kusa da shi, na leƙo da kaina ta taga, fuska a naɗe, ido a baƙin gilashi, na daka masa tsawa:

"Hau! Baba, hau mota!"

Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Ban san tsoho yana iya tashi sama haka ba. Ya saki butar ya faɗa ta kan shingen ƙaya, ya ɓace a cikin dawa.

Ni kuma garin kallonsa na hau kunyar gona, motar ta yi tsalle ta mutu. Wani katan na garin wanki ya fashe, iska ta kwaso shi ta taga. Kafin in gama atishawar farko, mafarautan da ke gadin ƙauyen sun kewaye ni, bakin bindigogin toka ta kowace kusurwa.

"Sauka! Hannu sama! Kwanta!"

Na faɗo ƙasa na kwanta rub da ciki, ina atishawa, ina tambayarsu da iyakar gaskiyata: "Suna ina? Ta ina suka shigo?"

Shugabansu, wani siririn mutum mai layu a damtse, ya ce, "Su wa?"

"Mutanen!"

Ya fizge ƙyallen fuskata. Wani ya sa sanda ya ɗaga tampol, sabulu ya zubo. Wani ya ƙwanƙwasa bututun rumfa ya leƙa cikinsa. Shugaban ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ne mutanen."

Daga nan inda nake kwance, kumatu a ƙasa, shi ne karo na farko da na kalli motata daga nesa. Launin taɓo, tampol, dogon ƙarfe a kan rufi yana kallon gaba. Irinta na gani da idona ranar da muka bar Mubi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na sani kuma cewa da ɗaya daga cikin mutanen nan ya yi saurin hannu, ba wanda zai ga laifinsa.

Aka busa ƙaho, jama'a suka fara fitowa daga dawa ɗaya bayan ɗaya. Cikin na farko akwai Mama Rifkatu, ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya, gashinta duk furen dawa. Matar da ta ce gwiwarta ba ta iya hawa matakalar coci, ashe ta kusa kai gindin dutse. Ta tsaya a kaina tana haki.

"Madam, kin san shi?" in ji shugaban mafarauta.

Ta ƙare min kallo har na fara tunanin za ta ce a'a.

"Nawa ne," ta ce. "Wawa ne, amma nawa ne."

Aka tasa ni a gaba zuwa gindin tsamiyar da Jauro yake zama, ta tsakiyar kasuwar da na zubar. A hanyar ne abin ya daina zama abin dariya ko a wurina. Na ga wata mata zaune a ƙasa kusa da tallan wakenta, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, ba ta ma iya gudun ba, tana ta kiran sunan wani namiji a hankali. Aka ce min ɗanta ne, irin wannan motar ce ta tafi da shi. Ba ta zage ni ba, ko kallona ba ta yi ba. Ni da har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi, ni ne na kawo wa mutanen nan ranar da suke ƙoƙarin mantawa, don kawai a san na sayi mota. Kunyar bindiga da atishawa duk ba ta kai wannan ba.

Jauro bai ɗaga murya ba. Ya ce tun da aka dawo, ba motar da ke tsallake mayo ranar kasuwa, kowa ya sani, har jakuna sun sani. Ya ce ba zai ci ni tara ba saboda Mama. "Amma kasuwa da ka zubar, kai za ka kwashe."

Na juya wurin Mama, na ce a hankali, "Mama, maganar kama hannun fa?" (Ku ji rashin kunya.)

"Hannu na ba zai riƙe naka yau ba," ta ce. "In na sa hannunka a na mutum yanzu, da ni da kai zai yarfe."

Haka na wuni a durƙushe. Na tsince tumatir daga cikin yashi, na tattara albasa, na rairaye wake da rariyar aro, na kamo awaki, na ɗaga rumfunan da suka faɗi. Duk masu shagon da na zo a gabatar da ni gare su a matsayin dila, sun fara ganina ne ina rarrafe a ƙarƙashin teburansu. Da la'asar jini ya fara komawa jikin mutane, aka fara dariya. Mai shayi ne ya fara, ya nuna da ludayinsa ya ce, "Kwamanda, ga wani tumatir can ya tsere maka!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Sunan ke nan. Ko sabulu ɗaya ban sayar ba, sai da direbobin bakin mayo suka taya ni tura motar.

Da na isa gida Hadiza ta ga kaya yadda suka tafi haka suka dawo, ta ga ƙasa a gemuna. Na ba ta labari. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Da ta natsa ta ce, "Ka kalle ta daga nesan?" Na ce na kalla. Idona ya kai kusurwar ɗakin inda keken ɗinki yake zama, har shatin ƙafafunsa yana nan a siminti. A nan na yanke cewa ko za su kira ni Kwamanda har in mutu, sai na koma.

Bitrus ya fesa fari yana ta waƙar coci da fito. Aka ɗaure salansa, aka cire hon, na sayar wa masu gwangwan da bututun rumfa. Ranar kasuwa ta zagayo na ajiye mota a bakin mayo, na ɗora katan a ka, na tsallaka yashi a ƙafa, na gaida Jauro, na nemi gefe na zauna. Ba wanda ya saya. Gaisuwa kam na sha ta. "Kwamanda, yau ba hari?" "Kwamanda, ina rundunarka?" In yi murmushi in ce yau hutu muke. Mako ya bi mako a haka. Dilan Yola ya fara zuwa da yaransa masu riguna iri ɗaya, yana raba kalanda, wasu shaguna suka fara karɓar kayansa. Kamfani suka kira suna tambayar ina hanyar da na ce ina da ita. Na ce tana nan tafe. Mama kuwa duk lokacin da na leƙa shagonta sai ta ce, "Ba yanzu ba."

Wanda ya fi tsaya min a rai Baba Hammadu ne. Tsallen nan ya gurɗe masa ƙafa, ƙaya kuma ta yi masa zane a hannu. Kowace ranar kasuwa sai na je ƙofar shagonsa na durƙusa na ce, "Baba, ya ƙafa?" Sai ya kalli wani wuri ya ce, "Jam," wato lafiya, ya ci gaba da jan carbinsa. In na ga buhu a waje in shigar masa, in rana ta juyo in gyara masa buhun da ya yi labule da shi. Bai hana ni ba, bai kuma gode ba.

Wata ranar kasuwa, dawa har an girbe, ina naɗe kayana zan koma da su kamar kullum, sai na ji muryarsa.

"Kwamanda! War." Wato zo, da Fulatanci. Ya yafito ni da hannu.

Na je na durƙusa.

"Wani abu yana damu na," ya ce. "Ranar nan, mutane da yawa yana gudu. Don me ni ka bi?"

"Baba, ba bin ka na yi ba. Na ɗauka mutanen ne suka shigo, suna bayana. Na ga kowa ya wuce ka, shi ne na ce ka hau in tafi da kai."

Ya daina jan carbi. "Kai kana tsammani suna bayanka?"

"Wallahi, Baba."

"Kuma ka rage gudu?"

"Na rage."

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa mai ɗauri. Sannan ya fara dariya, irin ta tsofaffi da ba ta da sauti sai girgiza, har hawaye ya fito masa. Ya kira maƙwabcinsa ya ba shi labari da Fulatanci, shi ma ya kama ciki. Da ya share ido ya ce, "Hankali kam ba ka da shi. Amma ranar da aka shigo na gaskiya, motoci nawa ya wuce ni a hanya, ba wanda ya taka birki." Ya nuna katan ɗin da ke gefena da sandarsa. "Sauke wannan. Da na ashana."

Na sauke masa.

Bai tsaya nan ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya kama wuyan hannuna, ya ja ni shagon da ke kusa, yana ɗingishin da ni na jawo masa. Ya sa hannuna a na mai shagon ya ce, "Ka san shi, shi ne ya kore mu. Ka saya a wurinsa. In abu ya tashi, wannan zai tsaya maka, sai dai ka mutu da tsoro kafin ka hau." Haka ya yi ta yi da ni layi-layi, ana dariya ana karɓar kaya. Ba kowa ya karɓa ba, wasu sun riga sun saba da na Yola, kuma ban ga laifinsu ba. Matar nan mai wake ba ta da shago, amma da muka zo wucewa na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta sayi sabulu ɗaya. Shi ne cinikin da na fi tunawa.

Da na kai wa Mama labari, ta cire tabarau ta goge. "Hammadu ya riga ni? To ai shi ke nan. Nasa hannu ya fi nawa nauyi a wurin." Duk da haka ranar kasuwa ta gaba ta bi ni, ta kama hannuna a sauran shagunan, ta kuma tabbatar kowa ya ji cewa har yau ban biya ta takalminta ƙafa ɗaya ba. (Na saya mata sabo. Ta ce bai kai wancan daɗi ba.)

Keken Hadiza ya koma kusurwarsa kafin damina ta zagayo, ba wancan ba dai, wani. Na sa an rubuta wa motata suna mai tsawo na Turanci a ƙofa, wanda ban taɓa jin ko mutum ɗaya ya furta ba. Daga Betso har cikin gari, in mai shago yana son kaya cewa yake a kira masa Kwamanda. Shekara da shekaru ina jin haushi ba a san sunana ba, yanzu ga shi an san ni, sunan ne dai har yau ba a tambaya ba.

In wani yaro ya zo min yau yana son ya bar ubangidansa ya tsaya da ƙafarsa, ya ce in ba shi sunaye da lambobi, nakan ce masa ya fara zuwa ya tambayi mutanen abin da ke firgita su, kafin ya tambaye su abin da suke saye. In kuma matarsa ta ce ya ja baya ya kalli motarsa daga nesa, to don Allah ya ja baya ya kalla, tun yana tsaye da ƙafafunsa.